Sakatar Ɗakin Kawu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Magana ce a kan ɗan kawunku, mai gyaran lantarki, kuma sau ɗaya zan faɗe ta.

Kun san tun da kawunku ya makance yake bin bango da tafin hannu. Da ya fara fita titi yana ɓata, ɗan nasa ya sa wa ɗakin tsohon sakata ta waje. A bayan sakatar nan kawun naku ya cika.

Shekaranjiya da magariba yaron ya je duba wayoyin gidan, saboda ya samu wanda zai sayi gidan. Ya tafi da na'urarsa mai ganin zafi: sanyi ya fito shuɗi, zafi ya fito ja. Ya taɓa nuna min. In ka goga hannu a katako, jan yakan daɗe. A tayil ya dushe da wuri. A ƙarfe kuwa, kafin ka ƙifta ido ya watse.

Gidan shiru, sai warin ƙura da na man zafin tsohon. Ya zare sakatar, ya shiga, ya ɗaga na'urar.

Ko'ina shuɗi. Sai wani jan layi daidai ƙugu, ya zagaye ɗakin. A jikin tayil ya yi dishi-dishi, a kabad ɗin katako ya yi jajir, sawun yatsu biyar. A ƙyaure kuwa jan ya taru wuri guda, kamar an wuni ana gogawa.

Ya duba da idonsa, babu komai. Ya koma kan na'urar.

Layin yana tafiya.

Ya ji wani sauti. Fata a kan bango, a hankali.

Jan ya hau kabad. Ya sauka. Ya nufo shi.

Hannun rigarsa ya ɗauki ɗumi, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, yadda makaho ke laluben mutum.

"Kai ne?" aka ce a kunnensa. "Bar min ƙofar a buɗe. Alwala kawai zan yi."

Ya faɗo waje da rarrafe, ya banko ƙyauren. Sai da ya kai titi ya gane abin da hannunsa ya yi.

Ya zura sakatar. Yadda ya saba.

Jiya ya zo nan ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ni. "Gwaggo, ba tsoron ne ya hana ni barci ba," in ji shi. "Hannun nan ne."

Matacce ba ya dawowa, wannan na sani. Amma wani abu ya zauna da yayana a ɗakin nan har ya koyi tafiyarsa da roƙonsa.

Mai sayen gobe zai zo, kuma tsohuwarsa zai saka a ɗakin. Ɗan kawunku yana so mu yi shiru. Ni ƙafata ba ta kai ni, da ban tara ku ba. Ku yanke yanzu: wa zai faɗa wa mutumin, wa kuma zai je ya cire sakatar?