'Yar Rakiyar da Ba a Gayyata Ba

"Na'ima Ɗalha," nas ta kira. "Wa ya rako ki?"

Kafin Na'ima ta buɗe baki, wata murya ta amsa daga bencin baya.

"Ni ce."

Ta waiwaya. Gwaggo Turai ce, yayar mahaifin Abdulmuttalib, saurayin da ake shirin sa musu rana. Matar da in ta ce a'a a gidansu na Gwammaja, to a'ar ta zauna daram.

Ba sai an faɗa ba, aikin Sa'adiyya ne, maƙwabciyarsu Abdulmuttalib da ta daɗe tana mutuwar sonsa, shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Ita ta baza cewa yarinyar da zai auro daga Kabara tana da taɓin hankali. Shi ne Gwaggo ta biyo sahu har asibitin ƙwaƙwalwa, ta gane wa idonta.

Shi kuwa gogan yana can bakin ƙofa yana jira, bai san wainar da ake toyawa ba. Shi ya yanko mata kati, ya yi ta lallashi: "Sanyin idona, hira kawai za ku yi da likita..." Duk da haka sai da ta ƙunso kayan sawa a leda, don ta ɗauka in ta shiga ba fita.

Ɗakin likitar ya ba Na'ima da Gwaggo kunya su duka biyun. Tebur ne da kujeru da fanka, sai wata likita mai fara'a. Gwaggo har da leƙa ƙarƙashin tebur, wai ko nan ake ɓoye sarƙa.

"Sunana Dakta Hadiza. Na'ima, duk abin da za mu tattauna sirrinki ne. In kina so Hajiya ta jira a waje, sai ta jira."

Tsoro ya kama Na'ima sosai. In ta kore ta, aure ya tashi. In ta bar ta... wa ya sani?

"Ta zauna, likita. Gara ta ji daga bakina."

Aka gwada jininta, sannan tambayoyi suka biyo a hankali. Ya barcinta? Ya cin abinci? Tana shan wani magani? Ta taɓa jin kamar ta cutar da kanta? Yaushe abin ya soma?

"Tun ranar da Baba ya cika, kansa a kan cinyata. In na shiga taro sai ƙirjina ya hau bugu, numfashi ya ƙi zuwa, in ji kamar yanzu zan mutu..."

"Tafin hannu ya yi sanyi ƙalau?"

Ba likita ce ta yi tambayar ba. Na'ima ta juya tana kallon Gwaggo.

"E, Gwaggo."

"Kunne kuma ya riƙa shuuu?"

"Haka ne..."

Gwaggo ta gyara mayafi, ta ƙura wa fanka ido kamar yau ta fara ganin irinta.

Likita ta ce ciwon firgici ne, kuma yana jin magani. Za su riƙa zama suna tattaunawa, ga ƙwayar da za ta soma sha, ga ranar dawowa.

"Ba allura? Ba kwantarwa?" in ji Gwaggo.

"Ita kam ba ta buƙata."

"Yana hana aure?"

"Hawan jini yana hanawa, Hajiya?"

Da suka fito, Abdulmuttalib na hango su tare ya miƙe, fuskarsa ta sauya.

"Gwaggo, wallahi ko me aka faɗa miki, ni ita nake so. Ita kaɗai!"

"Kai rufe min baki, wa ya tambaye ka?" Ta kamo hannun Na'ima ta riƙe gam. "Ka ce wa ubanka na ce a sa rana. Sa'adiyya kuma ka bar ni da ita."

Hawayen daɗi ya zubo wa Na'ima. Ya matso yana raɗa, "Ban faɗa miki ba, rabin raina?"

Gwaggo ba ta saki hannun ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Tun rasuwar maigidana Malam na daina zuwa biki, ana ta cewa girman kai ne. Kai, je ka yanko min kati." Ta dubi Na'ima, idonta ya cicciko. "In an tambayi wa ya rako ni, ke za ki amsa, 'yata."