Ramin Issoufou

Duk wanda ya zauna a unguwar Shisha ta Makka shekarun baya ya san Issoufou, mai tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi. Aikin hajji ya kawo shi, ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Jikinsa ne kawai a Makka. Zuciyarsa tana Dutsin Walƙiya, wani gari can arewacin ƙasarsu cikin hamada, kwana uku daga kwalta. Garin ba gona ba bishiya, ruwa ma sai tanka ta kawo. Lu'ulu'u ne ya tara mutane a wurin. Issoufou yana da rami ɗaya, ƙanensa Muttaka ke haƙa. Shekara shida, ko ƙyalli ba su gani ba, alhali maƙwabtansu suna ta sauya motoci.

Zargi ya fara cin sa. Ko Muttaka na ɓoyewa ne? Ko an ɗaure ramin?

Aka yi masa raɗa cewa akwai wani tsoho a unguwar Zahir, Baba Mukhtaru, mai sayar da asuwaki. Asuwakin rufin asiri ne, ainihin aikinsa bokanci. Issoufou ya sa wani alhaji ya zo masa da ƙasar ramin a ƙulle, ya tafi bayan azahar, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi.

Ɗakin yana ƙarƙashin bene, ba taga, amma sanyi kamar cikin randa. Tabarmar tsohon ta ba alƙibla baya. Gabansa akwai tasar tagulla, da ƙoƙon kan damo, da baƙin ƙyalle mai ƙarni. Ya zuba jar ƙasar a tasa, ya kara kunne ya daɗe yana saurare.

"Akwai dutse," in ji shi. "Masu wurin ne suka zauna a kai."

"Baba, ni fa ba na zubar da jini."

"Wa ya ambaci jini? Sunaye nake so. Rubuta mutanen gidanka, arziki ya san ƙofar da zai shiga."

Issoufou ya ƙura masa ido. "Shi ke nan? Ba wani abu a ƙasa?"

"Rami ne, ɗana. Abin da aka cire, sai an cike gurbinsa. Wannan ko yaro ya sani. In kana tsoro, ga hanya."

Issoufou ya karɓi alƙalami. Ya rubuta Muttaka, ya rubuta tasa matar Lailatu, ya rubuta 'yarsu Haifa. Ya ɗan tsaya, sannan ya naɗe takardar. Tsohon ya binne ta a tasa, ya tofa sau uku. Ƙasar ta motsa, ta lafa.

Bayan kwana tara Muttaka ya bugo waya. "Yaya, Allah Ya yi! Kamar ƙwayar gyaɗa, fari fat!"

Daga nan duwatsu suka yi ta fitowa. Issoufou ya jefar da keke, ya kwashe iyali zuwa hawa na biyar na wani bene a unguwar Aziziyya. Mutane suka fara kallon gefe. Lailatu ma ba ta saki jiki ba.

"Malam, ramin da ya yi shekara shida a bushe, me ya tashe shi?"

"Rabo. Ko ke ma kin shiga sahun 'yan hassada?"

Ta tashi ta bar masa ɗakin. Shi kuwa ya koma binciken wayarta, yana laɓewa in tana magana da maƙwabta.

Ranar da dutse mafi girma ya fito, bangon rami ya rufta da Muttaka. Kwana biyu ana tono, ba a samu ko takalminsa ba. Issoufou ya yi kuka, sannan ya ɗauki wasu mahaƙa.

Sai ƙasa ta fara bayyana a gidan. Ja ce, irin wadda babu ita a Makka. A cikin shinkafa, a kan katifa, a bakin famfo, alhali tagogi a rufe. Haifa, wadda a nan aka haife ta, ba ta taɓa taka hamada ba, ta zo tana tari.

"Baba, wallahi ƙasa nake ji a maƙogwarona. Kuma Baffa Muttaka na kirana."

Wata Juma'a, ya dawo daga masallaci ya tarar da Haifa kwance a falo, idanu buɗe, ba rai. Likitan da ya duba ta ya daɗe yana kallon Issoufou, ya ce bai taɓa ganin wanda ƙasa ta shaƙe a hawa na biyar ba.

Bayan sadakar uku Lailatu ta durƙusa tana tonon daɓen falo da farata, jini na zuba, tana cewa, "Ku taimaka, suna ƙasa, ina jin numfashinsu!" Har yau ba ta dawo hayyacinta ba.

Issoufou ya ruga Zahir, ya ci kwalar tsohon. "Ka yaudare ni! Ban san haka ne ba!"

Baba Mukhtaru ya tono takardar, ya buɗe masa. "Mutanen gidanka na ce. Kai ba mutumin gidan ba ne? Ina naka sunan?"

Issoufou ya saki rigar.

"Ka sani," in ji tsohon. "Tun hannunka yana kan alƙalami ka sani."

Ba a yi wata ba aka kama shi ba takardu, aka mayar da shi gida. Ya isa Dutsin Walƙiya ya tarar ramin ya cike kansa har baki, ba mahaƙin da ke yarda ya raɓe shi. Direbobin tanka sun ce yana nan zaune a kai, cikin tsumma, yana rubuta sunansa a ƙasa da yatsa, iska na sharewa.

To, kai mai gaggawar arziki, ka ji. Boka ba ya yaudarar kowa, sai wanda ya riga ya yaudari kansa a hanya. Duk dukiyar da aka ce ba ta da farashi, ka waiwaya ka dubi masu cin abinci tare da kai. Su ne farashin.