Zakara a Ƙarƙashin Tabarma

Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci. Ina durƙushe ina yi wa surukina Baba Aleki fifita, yana cin gwaza da kifi cikin madarar kwakwa, sai ihu ya ɓarke daga gidan fasto, inda rabin ƙauyenmu na nan tsibirin Samoa ya taru gaban talabijin ana kallon dambe.

"Ya faɗi! Baturen ya faɗi! Peni ya ci duniya!"

Gwaggo Fuatino, yayar Baba, ta saki cokali ta zabura. "A zagaye na nawa?" Da suka haɗa ido da ƙanenta sai ta koma ta zauna. "Tambaya kawai na yi."

Mijina Niko ya sunkuyar da kai. Ƙanwarsa Teuila kuwa tana tsaye da butar shayi, ta shagala har shayin ya zube a tabarma.

"Ke!" Baba ya daka mata tsawa. "Murna kike yi?"

"Baba, ban ce komai ba."

"Fuskarki ta ce. Dubi idon yayanki! Ko duniya goma ya ci, hannun da ya kashe idon ɗana ba zai shiga akushina ba. Muddin ina numfashi ba ki ba shi!"

Teuila ta ajiye butar a hankali, ta fita hawaye na zuba.

Peni da Niko tare suka tashi. Baba Aleki ne ya koya musu dambe su biyun, da buhun yashi rataye a bishiyar mangwaro, Teuila tana kai musu ruwa. Tun a nan ita da Peni suka fara satar kallon juna. Shekara shida da suka wuce aka haɗa abokan biyu a Apia, babban birninmu, wanda ya yi nasara za a tafi da shi Auckland, can ƙasar waje. Baba ya tsaya a kusurwar ɗansa. A zagaye na bakwai idon Niko na hagu ya tafi, bai kuma dawo ba. Bayan kwana uku jirgi ya tashi da Peni, daga can ya bugo waya ya ce, "Sori, Baba." Baba ya kashe wayar.

"Sori!" Haka yakan ce duk ranar da abin ya motsa masa. "Sori ta waya, sai ka ce ƙafa ya taka mini!"

Shi kuwa Peni ba a kan gado ya samu duniya ba. Da safe yana dakon akwatunan kifi a kasuwa, da yamma yana atisaye. Sau biyu aka doke shi, sau ɗaya hannunsa ya karye, 'yan jarida suka ce ya gama yawo. Ya dawo ya ci wasa goma sha tara a jere. Amma abin da ya sa tsofaffin ƙauyenmu ke son sa daban ne: duk wanda ya kayar, ba ya tsalle, ba ya bugun ƙirji. Durƙusawa yake yi kusa da mutumin, sai ya ga ya buɗe ido sannan ya yarda a ɗaga masa hannu.

Duk shekarun nan Teuila tana gida. Ɗan fasto ya nema, wani malamin makaranta ya nema, ta ba su haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ita ke goge masa farar rigar coci kowace Asabar.

Da yammacin ranar ina wanke-wanke a bayan gida, na ji ta cikin ayaba tana waya, muryar Peni tana fitowa tar.

"Teuila, filis. Sau uku ina aiko miki tikiti. Ki hau jirgi kawai, idan muka haihu zai huce. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ce. Ta ƙofar gaba zan bar gidan ubana, ko in tsufa a ciki."

"To me zan yi? Zan kawo masa kambun, in ajiye a gabansa!"

"Ya yi miya da shi? Peni, kai ɗan Samoa ne ko Bature? Je ka tambayi kakarka yadda ake ba da haƙuri."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a jikin ayaba ta yi ta kuka. Ni dai kwano na miƙa mata ta taya ni ɗauraya.

Bayan mako biyu rediyo ya ce zakara ya sauka, ranar Juma'a za a zagaya da shi Apia cikin buɗaɗɗiyar mota, 'yan makaranta har sun koyi waƙa.

Ranar Juma'ar da asuba na fito shara, tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Mutane ne zaune a kan tsakuwar ƙofar gidanmu, sun sunkuyar da kai, dattawan gidan su Peni ne. A gefensu an tara itace da duwatsun gashi da ganyen ayaba. A gabansu kuwa wani ƙaton mutum ne, an lulluɓe shi tun daga kai da lallausar tabarmar gado mai jan gashin tsuntsu a baki. Ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Na ruga na tashi Gwaggo. Ta leƙa, ta dafe ƙirji.

"Ifoga! Zaman neman gafara suka zo, har da itace da duwatsu! Aleki, tashi! Sun ce ga ɗansu nan, in ka ga dama ka gasa shi kamar alade!"

Baba ya fito, ya duba, ya koma ya zauna ya juya baya.

"A sauke labule," ya ce. "A kawo mini shayi."

Kowa ya san ƙa'ida. Idan maigida bai ɗage tabarmar ba har rana ta faɗi, an ƙi tuban, kuma maganar aure ta mutu har abada.

Ƙarfe tara rana ta fara cizo. Ƙarfe goma wata farar mota ta zo daga Apia, wani mai kwat ya fito yana duba agogo. "Ranka ya daɗe, minista yana jira, jama'a sun cika titi!" Tabarma ba ta motsa ba. Wani mai kyamara ya matso, Gwaggo ta bi shi da tsintsiyata har bakin hanya.

Da rana ta take tsaka, tsakuwa ta yi zafin da kaza ma ba ta takawa. Ina ganin gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin tabarma yana jiƙa ƙasa. Teuila ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsaya, ta mayar. Ta san in ta kai masa ta ɓata komai. Sai ta zo ta durƙusa a bayan Baba.

"Aleki," in ji Gwaggo, "yaron nan zai narke mana a ƙofar gida. Wa zai iya ɗaukar gawarsa?"

"Shekara shida ɗana yana cikin duhu. Shi ma ya ɗanɗana."

A nan mijina ya miƙe. Niko ba mai magana ba ne, shi ya sa kowa ya juyo. Ya zo ya zauna a ƙasa gaban mahaifinsa.

"Baba, ka gafarce ni. Idon nan nawa ne, ina son in yi magana a kansa sau ɗaya."

Baba ya kurɓi shayinsa.

"Tun zagaye na biyar Peni ya ga idon ya rufe. Ya riƙe ni ya ce, ɗan'uwa, ka zauna. Sau biyu yana kallon kusurwarmu yana nuna fuskata. Tawul ɗin da za ka jefa a tsayar da wasa yana hannunka, Baba. Ka ce mini, ɗan Aleki ba ya zama."

 Tsohon ya ajiye kofin shayinsa.

"Ban taɓa riƙe ka a zuciya ba," in ji Niko. "Ni ma na so in tsaya. Amma shekara shida Teuila tana biyan abin da ba ita ta ci ba."

Baba ya daɗe yana kallon ɗansa. Sai ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suka shiga girgiza. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin hawayensa ba.

Ya miƙe, ya ɗage labule, ya taka tsakuwar nan ba takalmi. Ya tsaya gaban tabarma, ya kama bakinta ya yaye.

Peni bai ɗago ba. "Baba, na yi laifi. Na gudu ban zo na dubi idonsa ba."

"Tashi, ɗana. Laifin namu ne mu biyu. Shigo inuwa."

Peni ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma daɓas! Mutumin da ya kayar da ƙattin duniya ya kasa tashi a ƙofar gidanmu.

Niko ya fito ya tsaya a kansa, ya ɗaga yatsa. "Ɗaya! Biyu! Uku! Gwaggo, kawo kambun, yau nawa ne!"

"Rufe mini baki ka kama ni, mai ido ɗaya!"

Dattawa suka fashe da dariya, wasu suna share hawaye. Niko ya saka kafaɗa ya ɗago shi, suka shigo rumfa suna tangaɗi. Baba ya waiwayo ya dubi Teuila.

"Ke kuma kin tsaya kallo? Ba ki ga mijinki yana jin ƙishi ba?"

Bayan wata uku aka ɗaura aure, Baba da kansa ya riƙo hannunta har gaban fasto. Peni ya kare kambunsa sau huɗu kafin ya ajiye safar dambe, amma a ƙauyenmu in ana labarinsa, da ranar Juma'ar nan ake farawa.

'Yan'uwana mata, ku yi koyi da Teuila: mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma auren da iyaye suka sa wa albarka ya fi na gudu daɗin zama. Ku kuma maza, ƙarfin hannu kowane ƙato yana da shi. Namijin gaske shi ne wanda duniya ke jiransa da tafi, ya bar ta tana jira, ya je ya sunkuyar da kai inda ya yi laifi.