Ɗalibin Kujerar Ƙarshe

Cajar wayata na manta, ita ta mayar da ni ɗakin horaswa ana gab da kiran magariba.

Aikina koya wa ma'aikatan asibitoci manhajar rajistar marasa lafiya da kamfaninmu ke sayarwa. Karatuna bai yi nisa ba, baki ne da ni. Sai dai ɗalibaina barci suke yi, har da minshari. Manaja ya ce, "Ko ka tashe su, ko ka tashi daga aikin."

Sai na kawo shaƙiyanci. Na kulle ƙofa, na jefa makulli a aljihu, na ce wanda bai yi wa mutum ɗaya rajista daidai ba, nan zai kwana. Akwai kujera a ƙarshen ɗaki da ba mai zama. Kullum sai na nuna ta in ce, "Ku dubi Yaya Babba, bai taɓa gyangyaɗi ba. Yaya Babba, zauna da kyau, ana zuwa kanka." Dariya har da riƙe ciki. Sati uku ba wanda ya rufe ido.

Ran nan na tura ƙofa, wani wari ya tare ni, kamar na tsohuwar rijiya. Fanka a kashe, amma labule na motsi. Kwamfutoci duk baƙi ƙirin, ban da ta ƙarshe.

Na zare caja. Ƙofa ta rufe a bayana. Ƙyas.

Na lalubi aljihu. Ba makulli.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ana danna madannai.

"Malam." Muryar kamar ana jan tabarma a kan siminti. "Sati uku kana cewa ana zuwa kaina."

Hasken allo ya nuna min hannu kawai. Yatsu dogaye, kowanne gaɓa huɗu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa nake yi."

"Ni ban zo wasa ba. Dokarka ce. Ba fita sai an yi daidai."

Na fara Ayatul Kursiyyu, ta tsaya min a tsakiya. Na matsa kusa. Sanyi ya kama min kunne.

"Nan... nan za a sa suna."

Ya rubuta. Na kawar da kai, ban karanta ba.

"Sai shekaru."

Ya danna ɗari huɗu da goma sha biyu. Akwatin ya yi ja. Manhajarmu ba ta karɓar abin da ya haura ɗari da ashirin.

Ya sake. Ja.

Kujerar ta yi ƙara. Warin ya cika min baki.

"Ta ƙi ni, Malam."

"A rage kaɗan mana, Yaya. Kowa ma ragewa yake yi."

"Ƙarya kake koyarwa?"

Numfashinsa a ƙeyata. Na miƙa hannu ta gefen yatsun nan, na shiga wajen saiti da lambar sirrin Manaja, wadda na taɓa leƙe ta bayan kafaɗarsa. Sau biyu ina kuskure. Na uku ta buɗe. Na mayar da iyakar shekarun zuwa dubu.

Ya danna. Kore.

"Adireshi," na raɗa.

Ya rubuta: Nan.

"Danna ajiye."

Ƙwas.

Ƙofa ta buɗe da kanta. Ban san yadda na sauka bene ba. Takalmi ɗaya na kai gida, uwar yara na tambaya ko kare ne ya biyo ni.

Kwana biyu ina zazzaɓi. Rana ta uku Manaja ya kira ni ofis, baki har kunne, yana kaɗa takardar jin ra'ayin ɗalibai.

"Kai, ka ciri tuta! Wani ya rubuta bai taɓa ganin malami mai haƙuri irinka ba. Zai kawo 'yan'uwansa goma sha ɗaya ranar Alhamis, bayan magariba. Na riga na amsa musu."

Na ce, "Yallaɓai, wa ya kawo takardar?"

Ya ce, "Ai a cikin durowata na same ta. Kuma a kulle take."