Dinyoyin Katakon Gidan Olano

Sufeto Nicanor Arrieta ba ya tsoron gawa, domin gawa ana rufe mata ido. Abin da ke tayar masa da tsikar jiki shi ne idon da ba ya rufuwa: na kifi a faranti, na 'yar tsana, na mutum-mutumin waliyyai a coci. Duk garin mun san da haka, amma don girman kakinsa muke yi kamar ba mu sani ba.

Da la'asar aka kira shi gonar Olano. Wani makiyayi ne ya tsinci Fermín Olano a ramin da maharba ke ɓuya, a tsakiyar gonar alkama da aka girbe, ƙirjinsa a fashe, bindigarsa a gefe. Ruwan da aka soma tun hantsi ya jiƙa shi sharkaf.

"Tsautsayi ne, yallaɓai," in ji Kofur Benítez. "Santsi ya kwashe shi, bindiga ta tashi. Mu rubuta mu tafi, yatsun ƙafata sun mutu."

Shi ma Sufeto haka ya so. In aka ce tsautsayi, magana ta ƙare, kowa ya koma bakin murhu. Sai dai a kewayen ramin akwai 'yan ramuka birjik, kamar an caccaka ƙasa da yatsa, kowanne cike da ruwa.

"Kofur, ana zuwa harbin dinya babu dinyoyin katakon da ake yaudararsu da su?"

"Sai dai in mutum zai kira su da sunansu."

"To ga inda aka kakkafa su. Ina suke?"

Kofur ya leƙa motar mamacin da ke bakin shinge. Bayanta wayam. A sama wata dinya ita kaɗai tana ta kewaya filin tana kuka, tana neman garken da ta gani da safe.

A kicin ɗin gidan suka tarar da Doña Amparo, matar mamacin, da yayansa Bautista, dattijon da bai taɓa aure ba, wanda duk rayuwarsa shi ke ɗaukar kayan farautar gidan, shi ke adana su. Ta miƙa wa Sufeto ƙoƙon mate, shayin da ake sha a yankin, ganyen har ya salance.

"Shi kaɗai ya fita, Doña?"

"Shi kaɗai. Bautista yana nan tare da ni tun safe, baya ke damunsa."

"Haka ne, Don Bautista?"

"Ko buhu ɗaya ban taɓa ba yau."

Sufeto ya dubi wani takalmi da aka yar a tsakar ɗaki, da riga a kan rediyo.

"Marigayin dai ba mai tattara kaya ba ne."

"Fermín?" Dariya ta kuɓuce mata. "Tun da na aure shi bai taɓa mayar da ko cokali mazauninsa ba."

Sai ta ankara da abin da ta faɗa, ta dubi yayan mijin nata da take ƙoƙarin karewa. Shi kuma ya dubi tafin hannunsa.

A ƙofar rumfar ajiya Sufeto ya tsaya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Shiga gaba, Kofur."

"Ai babba ne a gaba, yallaɓai."

"Yau na yafe maka."

Dinyoyin katakon suna nan jere a kan katakai tun daga ƙasa har rufi, farare da masu ruwan ƙasa, kowace ta juya fuska ga bango. Al'adar tsohon Olano ce, mahaifinsu, wanda ya sassaƙa su: dinyar da ta ga jini ba a barin ta tana kallon ƙofa. Sufeto ya yi wa tsohon addu'a a zuci. Ya shafa bayan ɗaya, a bushe. Ya taɓa tsinken ƙafarta, laka ɗanya ta biyo yatsansa. Yau suka fita, kuma kafin ruwa suka dawo.

Da ya juya, sai suka yi ido huɗu da wata.

Tana kan teburin aiki, wuyanta naɗe da zare, gam bai bushe ba. Ƙwayoyin harsashi sun yi mata zane a haƙarƙari. Idanunta baƙaƙen maɓallai ne, suna kallonsa kamar sun daɗe da saninsa.

"Maɓallan rigar Baba ne," in ji wata murya daga ƙofa. Bautista ne. "Ita ya sassaƙa ta ƙarshe. Kada ka taɓa, ba ta kama ba tukuna."

Sufeto ba shi da niyyar taɓawa.

"Wa ya harbe ta?"

"Fermín. Tun asuba muke ramin nan, garke bai sauka ba. Ya ce tunda na sama sun ƙi, bari ya ci ta ƙasa. Ya harba, kanta ya yi tsalle. Yana ta dariya, wai Baba ya yi asarar maɓalli." Ya goge baki da bayan hannu. "Ya miƙo mini bindigar in riƙe masa zai kunna taba. Na riƙe."

Kofur ya cire hularsa, ya rasa dalili, ya mayar.

"Da ka bar su a can, Don Bautista, da yanzu na rubuta tsautsayi."

"Hadari ya haɗo, Sufeto. In ruwa ya taɓa su katakon kumbura yake, fenti ya ɓare."

"Ga mota a wurin."

"Ban iya tuƙi ba. A bayana na yi ta jido su, buhu-buhu."

"Kana wucewa ta kan ƙaninka?"

"Ta gefensa. Idonsa a buɗe yake, shi ya sa ban duba ba."

Wannan kam Sufeto ya fahimta, fiye da yadda ya so.

Doña Amparo tana tsaye a bakin kicin lokacin da aka fito da shi. "Wa zai riƙe mini gonar nan yanzu?" ta tambaya. Bautista ya miƙa hannu aka sa masa ankwa, sannan ya tsaya cak.

"Za ku kwashe su?"

"Shaida ce, dole."

"To a sa su inda ba danshi, fuska ga bango. Ka yi mini alkawari."

"Na yi," in ji Sufeto da zuciya ɗaya, domin shi ma bangon yake so su kalla.

Kofur ne ya jera su a ɗakin ajiyar shaidu na caji ofis, yadda aka ce. Rufin ɗakin nan yoyo yake yi tun kafin a kawo Arrieta garin.