Masu Cin Abinci a Duhu

Fitilu dubu tara ne ke ci dare da rana a ƙarƙashin Sabuwar Gaɓa, birnin da aka gina bisa teku. Injiniya Ɗanlami ne ya ƙera su, ya raɗa musu suna Rana-Biyu. Dabararsa mai sauƙi ce: haske ya ninka gansakuka, ƙwarin teku su ƙoshi, kifi ya ci ƙwarin, birni ya ci kifi. An ba shi lambar yabo tun kafin a kunna su.

Ƙwarin nan, da masana ke kira zuflankton, yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Da rana sukan nutse can ƙasa gudun idon kifi, sai duhu ya yi su hau sama kiwo. Ɗanlami ya karanta wannan a jami'a. Ya ce za su saba.

Wata huɗu ba su saba ba. Gansakuka ta yi kauri kamar miyar kuka, ƙwarin na ƙasa yunwa na kashe su, kifi ya yanke a kasuwa.

A gida ma akwai mai ramewa: surukar Ɗanlami, Inna Dije, da aka ɗauko daga ƙauye zuwa gidansu na gilashi, inda kowane ɗaki ke ganin ɗan'uwansa.

Ya ce da matarsa, "Asabe, mu kai Inna asibiti. Kullum kwanonta a cike yake dawowa."

"Wane asibiti kuma, Baban Nana? Digirinka uku fa. Ka taɓa ganin surukar da ta ci abinci a gaban mijin 'yarta?"

"Ai ni ba na kallon ta."

"To, bangon naka yana kallon ta."

Ɗanlami ya miƙe. Ya ɗauko tsohuwar tabarma ya rufe gilashin ɗakin Inna, ya saka takalmi da ƙara don ta ji fitarsa.

Ɗakin na'urori ya nufa. Ana kiran magariba ya kashe fitilun duka. Ya daɗe yana duban allo babu komai. Can sai wani ɗan hazo ya fara tasowa daga ƙasan teku, a hankali, kamar baƙon da bai tabbata an yi masa izini ba. Ƙwarin ne, amma ɗaya cikin goma ne suka rage. Sauran kuwa, haske ya cinye su.

Da ya koma gida, ya tarar da kwano a bakin ƙofa, an suɗe shi tas.

Asabe ta ce, "Inna ta ce a gaya maka, gishiri ya ɗan yi yawa."