Mai Kula da Bargar Basha

Gidan da Badamasi ya kama musu a bayan Giza barga ce ta dawakin wani basha, babban mai muƙami, da ya mutu tun zamanin sarauta. An shafe ta da farin fenti, an sa tayil da tagogi, amma zobban ƙarfe na ɗaure dawaki suna nan a bango. Kullum yana tasowa daga ofishin jakadanci a Dokki yana yabon shirun wurin. Matarsa Baraka kuwa tun ranar farko ta ce wurin bai kwanta mata ba, wa ya saurare ta?

Wata magariba tana soya albasa, ta ji shirun ya yi yawa. Tsuntsayen cikin itatuwan mangwaro sun ɗauke ɗif. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufi, ɗaya, biyu. Ta leƙa ɗakin 'yarta Fiddausi, mai shekara goma sha huɗu, ta same ta tsaye fuska ga bango, an tsefe kanta, an yi mata ƙananan kitso irin na gezar doki.

"Fiddausi, wa ya taɓa miki kai?"

Yarinyar ba ta waiwayo ba.

Kwana tara ba ta zauna ba. A tsaye take barci, ta ƙi tuwo, sai ɗanyen sha'ir, hatsin dawaki, da ba wanda ya san mai kawo shi. Ƙafafunta suka kumbura sumtum. Badamasi yana ta cewa gajiyar makaranta ce. Gajiya! A rana ta goma Baraka ta jefa masa makullin mota.

"Abban Fiddausi, ko ka ɗauko malami, ko in fita titi ina ihu."

Ya ɗauko Malam Hamad, wani dattijo Bahaushen Sudan, daga unguwar Hadayek el-Maadi. Malam ya yi sallar magariba, ya zauna bakin ƙofa ya fara karatu a hankali. Can yarinyar ta buga ƙafa a ƙasa, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Daina ƙona ni. Ban cuce ta ba. Ina share ta, ina ba ta abinci."

"'Yar mutum ce, ba dabba ba. Fita."

"Ni ne mai kula da bargar nan. Shekara sittin ina jiran a mayar da dawakina. Na ga an ɗaure wannan a ɗakin, na karɓa."

Malam ya ƙara karatu har gumi ya jiƙa rawaninsa. Muryar ta yi nishi ta ce a ba ta goɗiya, ko gurguwa ce, ta saki yarinyar. Amma ranar da goɗiyar ta mutu, za ta dawo.

Washegari Badamasi ya samo wata tsohuwar goɗiya wurin masu hawar da baƙi 'yan yawon buɗe ido a gindin dalar Giza, duk haƙarƙari a waje, don baƙin sun ɗauke ƙafa tun juyin juya halin da aka yi kwanan baya. Ana ɗaure ta, Fiddausi ta sulale ƙasa tana kiran Umma.

Saura wata goma sha takwas ofishin jakadanci ya mayar da Badamasi da iyalinsa gida. Goɗiyar kuma tana tari.

Da yamma Badamasi ya dawo da yunwa, ya tarar babu komai a kan wuta. Baraka na durƙushe tana jiƙa wa goɗiyar sha'ir.

"Ina abincina?"

"Ma'alish, yi haƙuri," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sai ta ci tukuna."